Rasuwar Usur a Ƙarshen Hutun Koci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Babban Alƙalin wasan ƙwallon kwando na unguwarmu yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar usur ɗinsa na ƙarfe, wanda ya cika ranar Asabar a bakin mai shi, a gaban jama'a.

Marigayi ya yi rayuwa mai tsabta. Bai taɓa hukunta wanda bai yi laifi ba, sai in idon mai shi ne ya gaza. Muryarsa kakkaura ce mai karkarwa, "firrrit", wadda kan tsayar da ƙato yana tsakiyar tsalle. Amma ya fi shahara a hutun minti ɗaya da koci kan nema. A lokacin kowane alƙali da wurinsa: ɗaya ya rungumi ƙwallo a bakin layi inda za a ci gaba da wasa, ya kama bakinsa; babban kuma ya fuskanci teburin mai agogo, in ta ɗaga hannu ya busa, 'yan wasa su baro benci. Wannan busar ta babba ce shi kaɗai, kuma marigayi bai taɓa ba kowa aronta ba.

Jinyar ta soma ne ranar da mai ɗakin Alƙali ta jiƙa wandonsa a ruwan zafi da marigayi a aljihu. 'Yar ƙwayar da ke cikinsa ta kumbura. An shanya shi a taga, an ɗiga masa man keke, an bubbuga shi a tafin hannu. Ya ɗan farfaɗo, amma murya ta dushe. Alƙali ya ce wa abokan aiki mura ce.

Ranar Asabar, a wasan kusa da na ƙarshe, hutu ya ƙare, mai agogo ta ɗaga hannu. Alƙali ya cika kumatu ya busa. Marigayi ya ce "fuuu". Aka sake. Ya ce "ff", da ɗan yawu, ya cika. Ko koci ɗaya bai ɗago kai ba.

A nan ne Dogo, abokin aikin da aka ba riƙon ƙwallo da riƙon baki, ya saki wata ƙara daga usur ɗinsa na roba, marar ƙwaya, marar tarbiyya. Har mai gadin ƙofa sai da ya farka. 'Yan wasa suka dawo a guje, kowa idonsa na kan Dogo.

Alƙali yana son a sani cewa shi ba ya hassada. Usur ɗin Dogo ihu ne kawai. Ya ɗan taɓa shi a ɗakin canza kaya don ya tabbatar ba shi da nauyi. Ya kuma zaga shagunan gari neman irinsa don ya gargaɗi jama'a. An ce ya ƙare.

Shugaban kwamitin gasar ya zo ta'aziyya. Ya ce, "Yallaɓai, sai haƙuri. Wasan ƙarshe Dogo zai tsaya wajen tebur. Kai ka riƙe mana ƙwallo, bakinka ya huta."

Marigayi ya bar igiyarsa ta wuya, da riga mai ratsi wadda ta soma matse ciki, da haƙorin gaba guda da ya cinye a bakin aiki, da mai shi.

Za a binne shi bayan filin wasa, gindin tsohon allon maki, kafin atisayen yamma. Ana roƙon Dogo, in lallai sai ya zo, ya tsaya a bakin layi, ya bar abinsa a aljihu. Za a yi shiru na minti ɗaya, daidai tsawon hutun koci. Iyalai ba su da abin da za su busa a tashi. Dogo ya aiko cewa kada a damu.