Rasuwar 'Yar Baƙa, ordinatar da ta zaunar da ni Dakoro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Abdulmumini Hamid, mai rubuta porogaram a nan Dakoro, nake sanar da abokan aiki da masu karanta wannan bulog rasuwar ordinatar ɗina, wato kwamfutata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu a gidanmu da azahar, bayan ta sha fama da zazzaɓi. A waya nake rubuta wannan sanarwa. Na fara ta ina zaune, na ci gaba ina tsaye, yanzu zagaya tsakar gida nake yi, don haka a yi haƙuri da abin da aka gani.

An haifi marigayiyar a wata ƙasa da ban sani ba. Ni dai a Yamai na same ta, shekarar da na ƙare karatu, kuma bazawara na same ta, da tabon shayi a gefe da harafi ɗaya da ya goge. Ban taɓa tambayarta labarin gidan farko ba, ita ma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tana tsakiyar aiki, ba ta yi fushi ba. Na hau katanga da ita neman rezon intanet, na ɗora ta a kan turmi, na goya ta a bayan moto har Bader Goula, ba ta ce uffan ba. Maganarta kaɗan ce. Da safe ta ce "tin", in aiki ya yi nauyi fankarta ta ce "fuuu", in batiri ya kusa ƙarewa ta yi ɗan kuka sau biyu cikin ladabi, kamar baƙon da yake jin yunwa amma yana jin nauyin masu gida.

Babban alherinta kuwa shi ne ta zaunar da ni gida. Tun da mahaifinmu ya rasu, ƙanwata Rahamatu kuma ta yi aure a garin Mai Yara, ni kaɗai na rage wa mahaifiyata, Inna Dela, wadda gwiwoyinta suka daina kai ta ko bakin rijiya. Wani kamfani a Yamai ya daɗe yana kirana. Suna ba da na'ura mai kyau, amma na'urarsu ba ta fita biro, wato ofis, mai aiki da ita ma haka. Na yi ta ce musu a'a da ƙarfin gwiwa, domin ina da 'Yar Baƙa. A ƙarƙashin itacen bedin gidanmu nake yi wa mutanen nesa aiki, Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa tana yi mini faɗa in miƙe bayana. Ƙarfin gwiwar nan duk na 'Yar Baƙa ne, ba nawa ba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya da yawa, kusan duka ba su yi wayo ba. Akwai porogaram na farashin gero a kasuwanni, wanda har yau kasuwa ɗaya ya sani. Akwai na makiyayan Azagor, da zai riƙa nuna musu rijiyar da ke da ruwa, na bar shi yana rarrafe domin wata dabara ta faɗo mini. Dabarar ma tana nan, suna kawai aka raɗa mata. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa cika baki nake yi da ita, 'Yar Baƙa ce ke tauna mini. Ta bar wannan bulog, da tarin hotunan ƙahonin shanu da na hannuwan Inna da ban gama gyarawa ba. Ta bar abokin zamanta, aparen ɗaukar hoto, wanda yanzu bai da wurin sauke kayansa. Ta kuma bar sharja ɗaya ɗaure da roba, da ba zai shiga kowa ba sai ita.

Ciwon ajali ya fara da shigowar bazara. Jikinta ya riƙa zafi, "fuuu" ɗin ya koma "ƙirrr", wani lokaci ta suma ana tsakiyar aiki. Na yi ta mita a tsakar gida, ina cewa zafin nan zai kashe ta. Na manta Inna tana ji, kuma Inna ba ta jin ana kukan ciwo ta zauna.

Ranar da abin ya faru, na bar ta kunne a kan tabarma tana wani dogon aiki, na ji ana cewa ayarin raƙuma ya sauka bayan gari. Ni da ba na iya zama, na suri apare na fita. Inna ta taɓa ta, ta ji zafi. Sai ta yi mata abin da kowa ke yi wa bidon ruwan sha a garin nan in rana ta ƙwalle: ta jiƙa buhu sharkaf, ta naɗe ta da shi, ta ja ta inda iska ke kaɗawa. Da yake kuma Inna ba ta rabin aiki, duk sanda buhun ya fara bushewa sai ta ƙara ruwa.

Da na dawo ta tare ni da fara'a. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗar sunana.

"Yaron ga, abar aikin taka na iske ta jiki kamar garwashi," in ji ta. "Na lulluɓe ma ita. Taɓa ka ji, ta yi sanyi ƙalau."

Na taɓa. Ta yi sanyi kam. Na dubi Inna, da gwiwoyin da ta ja har bakin randa ta komo ba sau ɗaya ba.

"Sannu da aiki, Inna," na ce. "Allah shi saka da alheri."

Na kai ta wurin Maraya mai gyara a bakin kasuwa. Ya kwance ta, ya karkata ta, ruwa ya ɗiga a kan teburinsa.

"Wa ya yi mata wanka?" ya ce.

Na ce ba wannan na zo ji ba.

"To malam, sai haƙuri. Ko Maraɗi ka kai ta, abin da za su hwaɗa ma ke nan."

Ga abokan aiki masu shirin tambaya: e, ayyukan duk suna ajiye a intanet, ba layi ɗaya da ya ɓata. Kada kowa ya rubuto mini wa'azi a kan haka. Amma masu ba ni aiki ba su jira ba, irinta kuma ba ta cikin ƙarfina yanzu. Na kira kamfanin Yamai da bakin nan da ya yi ta ce musu a'a. Sun karɓe ni. Ban ji daɗi ba, tsoro nake ji, kuma ban san wa zan yi wa fushi ba.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. Maraya ya gaji ekaran, wato gilashin fuskarta, da batiri. Abin da ya rage an naɗe shi a zane, zai bi ni a kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai ranar Lahadi, a binne shi a ƙasan akwati. Rahamatu za ta riƙa zuwa duba gida gwargwadon yadda mijinta da gonarsu suka bari.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin Inna ba ta san an yi rasuwa ba. Na gaya mata za a kai 'Yar Baƙa babbar likita ne a Yamai, ni ne mai jinya. Ban iya gaya mata hannunta ne ya raba mu ba, kuma ba zan iya ba. Ta ce, "Da ta ji sauƙi ku komo, kar ka tsaya ɗaukar hoto."

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidanmu, ya shiga ya gaishe ta, ya ɗan zauna, ya duba ko akwai ruwa a randa. Kada a yi mata ta'aziyya. In ta tambayi labarin mai jiki, a ce mata da sauƙi. Tana sa ran za a sallame mu kafin shuka.