Yadda Za Ki Taya Ɗanki Zaɓen Mota Ta Hannu Ba Tare Da Kin Rasa Kujerarki Ba

Ƙawata Majken ce ta kawo maganar, muna ɗakin canza kaya bayan motsa jikin tsofaffi a cikin ruwa, kowacce na kokawa da safarta.

"Gunvor, barka da arziki! Ashe jika na uku na tafe?"

"In ji wa?"

"An ga Torbjörn ɗinki da Malin a filin motocin Börje, suna leƙa but ɗin dogayen motocin nan na masu iyali. Kowa ya sani, miji da mata ba sa leƙa but a banza."

Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, kuma babu maganar da na yaƙa kamar "kowa ya sani". Abin da kowa ya sani, yawanci babu wanda ya gwada shi. Sai dai wannan jita-jitar ta shafe ni kai tsaye. Motar ɗana kujera biyar ce: shi, matarsa Malin, 'ya'yansu Ebba da Sixten, sai ni a tsakiyar kujerar baya. A wannan tsakiyar nake zuwa gidan katakon da mijina marigayi Arvid ya gina mana a bakin tafki, kowace bazara. Bas ba ta zuwa can, jirgin ƙasa bai san da wurin ba, likitan ido kuwa ya raba ni da sitiyari. In jariri ya zo, mun zama shida. Ban taɓa jin an bar jariri a gida yana ba furanni ruwa ba. Kaka ake bari.

Saboda haka na fita gwaji, ga kuma abin da na samo domin ke da kike cikin irin halina. Ki bi matakan nan yadda na jera su. Na yi miki alkawari, ba ko tantama, za ki dawo gida da gaskiya a hannu da kujera a ƙarƙashinki.

Mataki na 1: Kada ki tambaya

Na san bakinki na ƙaiƙayi. Ki cije. A ƙasar nan kina iya zama tsirara da surukarki a ɗakin sirace kuna zufa tare, amma ba ki isa ki tambaye ta abin da ke cikin cikinta ba. In kika yi, murmushi za ta yi ta ce, "Me ya kawo wannan tambayar, Gunvor?" Daga nan sai Kirsimeti za ki sake ganin jikokinki, shi ma a hoto.

Ɗanki za ki kira.

"Na ji za ku koma duba mota ranar Asabar. Ku biyo ta nan."

"Haba Mama, ba sai kin wahala ba. Kallo kawai za mu yi."

"Ni ma kallon zan yi. Idon hagun ma sabon gyara ne."

Zai ja dogon numfashi irin na ubansa, ya ce to. Namijin lardin nan gwamma ya ɗauki uwarsa zuwa bangon duniya da ya yi gardamar da ta wuce jimla biyu.

Mataki na 2: Ki yi shigar masana

Masani ba ya zuwa hannu rabbana. Ki ɗauki tocila, ki ɓamɓaro maganaɗisun da ke manne a jikin firij. Nawa siffar kaza gare shi. Gishirin da ake zuba wa titi da hunturu yana cin mota ta ƙasa, dillalai kuma su cike ramin da ƙwaɓi su shafe da fenti. Ƙarfe yana riƙe maganaɗisu, ƙwaɓi ba ya riƙewa. In kazar ta faɗi, motar ta faɗi.

Kada ki shuri taya. Maza suna yi tun zamanin keken doki, har yau babu wanda ya faɗa mini amsar da tayar take bayarwa. Torbjörn ya shuri guda, ya gyaɗa kai. Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Mama, don Allah."

In kika yi sa'a dillalin tsohon ɗalibinki ne, rabin aiki ya ƙare. Börje yana hango ni ya zaro tabar da ke ƙarƙashin leɓensa ya ɓoye a baya, mutum da furfurarsa da jikokinsa.

"Malama! Ashe kina... wato, sannu da zuwa."

"Ina raye, Börje, ƙarasa abinka. Gyara tsayuwa."

Ya gyara.

Mataki na 3: Duk mota mai kujera biyar, ki kashe ta

Ba ki tabbatar da cikin ba tukuna, amma babu ruwanki. Kowace mota mai kujera biyar abokiyar gabarki ce har sai an wanke ta.

Ta farko fara ce sol, kamar ba a taɓa yin numfashi a cikinta ba. Börje ya shafa bonet.

"Wannan ta wata tsohuwa ce. Coci kawai take zuwa da ita, sai kanti."

Wannan ita ce uwar ƙaryar kasuwar mota, kuma mutane suna shanye ta har da lashe baki.

"Börje, ni tsohuwa ce, na san tuƙinmu. Giya ta biyu daga gida har babban birni, ƙafa a kan kuloci, inji yana ihu muna zaton rediyo ne. Ba ma ganin bakin titi, jin sa muke yi. Da motar tsohuwa gwamma ta 'yan fashi, su aƙalla suna canza giya."

Torbjörn ya janye hannunsa daga ƙofar a hankali.

Ta biyu shuɗiya ce, kazar ta manne mata ko'ina kamar ta samu uwarta. Na ce kujerun fata ne, da hunturu su daskarar da yara, da bazara su soya su. Malin ta ce ai akwai abin ɗumama kujera. Na ce wato za a zaunar mini da jikoki a kan wayar wuta.

In mota ta ƙi nuna aibi sam, ki durƙusa, ki haska tocila a ƙarƙashinta, ki ce "Hmm," ki miƙe ba ƙarin bayani. Kada dai ki durƙusa sai kin tabbatar akwai mai ɗaga ki.

Mataki na 4: Ki gwada surukar, amma bisa ƙa'ida

Gwaji na ƙwarai yana bukatar abin kwatance, in ba haka ba kin koma Majken.

An ce mai ciki ba ta son kofi. Börje ya kawo kofi daga ofishinsa, da biredin kirfa. Malin ta sansana, ta ajiye. Na ce ga alama ta farko. Sai na kurɓi nawa, na gane duk mai son ransa zai ajiye. Ina jin tun Börje yana ajina aka dafa kofin nan. Sakamako: babu.

An ce wari yana tayar wa mai ciki zuciya. Akwai wata jar mota a ƙarshen layi da Börje yake ta karewa da jikinsa. Na matsa sai an buɗe. Ashe mai ita ɗan arewacin ƙasar nan ne, gwangwanin ruɓaɓɓen kifin da suke ci ya fashe masa a but. Malin ta ruga bayan shinge tana amai. Na ce to, magana ta fito. Ina juyawa sai ga Torbjörn a gefenta yana nasa, ga Börje a gefensa, ga karen maƙwabta ya tsallake titi da gudu. Ni kaɗai na rage a tsaye, domin hancina tare muka yi ritaya. Sakamako: ko dai babu mai ciki, ko su ukun ne.

Mataki na 5: Ki lura da abin da suke aunawa

Mutum yana iya ɓoye magana, amma ba ya iya ɓoye tef ɗin awo. Malin ta zaro nata daga jaka tana auna faɗin but.

"Me za a sa a nan, Malin?"

"Kaya."

"Katakon zamiya a ƙanƙara, Mama," in ji Torbjörn da sauri.

"Su tsawo gare su. Faɗi take aunawa."

"A gicciye za mu sa su."

Ɗana bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke kamawa da wuta tun yana ƙarami. A ranar kina iya gasa tsire a kansu.

Daga nan Malin ta auna kujerar baya, ta ɗago ta dube ni daga wannan ƙugu zuwa wancan, ta sake duban tef ɗin.  Börje kuma, wanda bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, ya nuna dogon akwatin nan da ake ɗaurewa a saman mota.

"In wuri ya yi kaɗan, ga wannan. Duk abin da ba a bukata a hanya, a cusa shi ciki a rufe."

Babu wanda ya dube ni. Su ukun suka dubi ƙasa lokaci guda, abin da ya fi kallon muni.

"Ba zan shiga ba," na ce.

"Wa ya ce ki shiga, Mama?"

"Ina dai faɗa ne tun da wuri."

Mataki na 6: Ki nemo mai kujera bakwai, ki yabe ta ba kunya

Tana can baya kusa da tarin tayoyin hunturu, kullum can ake ɓoye irinta. Tamu koriya ce, irin koren da ba a shafa wa mota sai bisa kuskure. Tafiyar da ta yi ta isa ta kai duniyar wata ta kamo hanyar dawowa. Amma a ƙasan but ɗinta akwai ɗan benci da ake ɗagowa, mai wurin mutum biyu, yana kallon baya.

Yanzu ki manta duk abin da kika faɗa da safe. Yawan tafiya alamar lafiya ce, mota marar lafiya ba ta zuwa ko'ina. Kujerun fata su suka fi sauƙin gogewa. Na ɗora kazar a kan ƙofar baya, na ji tana zamewa, na danne ta da babban yatsa na ce, "Kun gani? Ƙarfe zalla." Börje ya buɗe baki. Na dube shi ta saman tabarau. Ya rufe.

Sannan ki nuna musu da jikinki cewa bencin yana ɗaukar babba. Na hau da rarrafe, na juya, na zauna. Gwiwoyina suka zo daidai kunnuwana, kaina ya tokare rufi.

"Malama, bencin yara ne fa. Ga shi an rubuta a jiki."

"Daɗi kamar falo," na ce ta tsakanin gwiwa.

"To, fito mana, Mama."

"Ina hutawa."

Ƙuguna ne ya kulle. Wani mutum da ya zo duba mota ya leƙo ta gilashi, ya tambayi Börje ko har da tsohuwar ake sayarwa. Börje ya ce sai ya tuntuɓi iyalin.

Mataki na 7: In an kama ki, ki tsaya a auna ki

Mazan suka jawo ni waje, kowa da ƙafa ɗaya. Malin ta kore su su je su shuri taya, ta zauna a bakin but tana dariya har da hawaye.

"Gunvor, tun safe kike bina da kofi da kifi. Ki tambaye ni mana."

"Ni ba na tambaya. An yi mini tarbiyya."

"Wannan koriyar nake so tun wancan zuwan. Ɗanki ne ya ce ko gawarsa ba za ta shiga mota mai wannan launi ba. Shi ya sa nake auna sauran, in nuna masa ba za su yi ba. Yau kin gama mini aikin da baki."

"To me ya sa kike auna ni da ido kamar mai haɗa akwatin gawa?"

"Ɗaga hannu."

Ta zagaya tef a ƙuguna a gaban jama'a, ta je ta auna tsakiyar kujerar baya, ta dawo.

"Za ki shiga. Da ƙyar. Amma ki rage biredin kirfa daga yau."

"In shiga tsakanin me da me?"

Ta sunkuyo ta faɗa mini a kunnen da ke ji.

Wanke hannu

Mai wannan jagora malamar kimiyya ce da ta yi ritaya, ba bakanikiya ba ce, ba kuma ungozoma ba. Ba ta ɗauki alhakin tsatsar da kika danne da yatsa ba, ko surukar da ba ta da haƙurin Malin, ko ɗan da ya daina ɗaga waya. Alkawarin da ke sama na yi shi ne a zaune cikin kujera mai laushi, ba ya aiki a kan ƙugun kowa. Duk wadda ta maƙale a but ta kira 'yan kwana-kwana, kada ta kira ni, kada kuma ta ce a nan ta karanta. In bayan duk wannan ɗanki ya sayi akwatin saman mota, tsakaninku ne.

Malin tana da ciki. Tagwaye ne, ana sa ransu kafin bazara. An sayi koriyar motar. Ebba da Sixten za su koma bencin but. Kujerata tana nan a tsakiya, jariri a dama, jariri a hagu, tun daga ƙofar gida har bakin tafki.