Shafukan da Nana Marjorie Ta Yage

"Lafiya lau nake, in ban da ke da kika faɗo min gida kamar an koro ki," in ji Nana Marjorie, ko ɗagowa ba ta yi daga kofin shayinta ba.

Odessa ta kasa zama. Tun safe take zagaye garin Burbank a mota. Ƙarfe huɗu ne wa'adin da masu fim suka ba ta: ko ta amsa za ta birnin Vancouver ɗaukar fim na wata biyar, ko a ba wata 'yar wasan gurbinta. Wendell kuwa, mai zoben baikon da ke yatsanta, ya ce in ta tafi kada ta sake nemansa. Amma sai ta ce wa kakar tata wai tsofaffin mujallun soyayyar nan masu zane ta zo dubawa, ta koyi yadda 'yan matan wancan zamanin suke kuka.

"Ke da kuka ne sana'arki tun kina jaririya?"

"Gado na yi, tsohuwa. An ce ranar bikinki har limamin coci sai da ya miƙo miki hankici."

"Sharri ne. Kakanki ne ya take min ƙafa."

Odessa ta jawo kwalin mujallun daga ƙarƙashin gado. Kowane bango abu ɗaya: budurwa da jan baki tana hawaye, fitilun ɗaukar fim a bayanta, saurayi a gefe ya haɗe rai. Ta buɗe ɗaya ta zarce ƙarshe. Babu shafin. Ta biyu ma haka, ta bakwai ma haka.

"Ɓeraye kike kiwo ne? Kuma masu ilimi, shafin ƙarshe kawai suke ci?"

"Ni ce. Shekarata sha shida lokacin, kuma na fi ki kyau nesa."

Nana ta ce duk ƙarshensu ɗaya ne: yarinya ta watsar da fim, ta rungume saurayi, ta shige kicin. Haushi ya sa take yagewa. Da ta kai ashirin da biyu aka kira ta gwajin fitowa a fim, kakan Odessa ya ɓata fuska, ba ta je ba. Abin da ta yage a takarda shi ta je ta yi da ƙafarta.

"Kin yi nadama?"

"Na samu uwarki, ita kuma ta haifo min ke. Auna asarar da kanki."

Odessa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta sake duba agogo.

"Ba kuka kika zo koya ba, sarauniyar wayo," in ji Nana. "Kai tsaye ƙarshe kika nufa. So kike takarda ta ce ki zauna, gobe ki ce ba ke kika zaɓa ba."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta sauko da gwangwanin biskit daga kan firji. Shafukan ne a ciki, an ɗaure su da zare, duk sun yi ja.

"Vancouver ruwan sama gare ta. Ki riƙa cusa su cikin takalmanki, suna tsotse danshi."

"Shekara sittin kina ɓoyonsu don takalmi?"

"Jira nake a haifi mai ƙafa kamar faranti. Ga ki."

Wannan karon dariyar ta kai ciki. Odessa ta rungume gwangwanin, ta lalubo wayarta ta nemo lambar masu fim. Huɗu saura kwata.