Kuɗin Mai Huji a Tsakiya

"Lafiya lau, angon ƙarya. Sai yau ka tuna kana da mata?"

Haka na tare shi ranar, jikana, ɗan 'yata ta fari. Ina bakin gado ina tsefe kai ya shigo, waya a hannu, duk ya rame. Saura kwana biyu ya tafi aikin walda a ƙasar da muka zauna da kakansa shekara shida. Uwarsa ta riga ta tsegunta min: yaro ya daina cin abinci, tsoro yake ji, bai san kowa can ba.

"Tsohuwa, sakinki na zo yi. Can zan samo mai haƙora."

"Da wane bakin za ka je zance? Ko sannu ba ka iya da yarensu ba."

"Na karance su kaf a waya. Yarensu huɗu, kuɗinsu takarda shuɗiya, mutanensu miliyan talatin."

"Wa ya tsaya ya ƙirga su? Ni da na zauna, mutum ɗaya na sani, ta kuma ishe ni."

Na jawo akwatina, na kwance ƙullin tsumma, na miƙa masa wani kuɗin ƙarfe mai huji a tsakiya. Ja'irin ya kwashe da dariya.

"Wannan ai washa ce, irin wadda muke sa wa noti! An daina karɓarsa tun kafin a yaye ni. Ko ashana ba zai saya ba."

"Kai ma wa zai saye ka? Ai shi ya fi ka nauyi."

"To wa kika yi wa sata?"

"Rufe min baki! Ranar da naƙudar uwarka ta kama ni, kakanka na wurin aiki. Maƙwabciyata ba ta jin yarena, ba na jin nata. Nishina ta jiyo ta bango, ta shigo hannunta duk gari. Ita ta yanke cibi. Da ta wanke jaririya, ta damƙa min wannan, ta naɗe yatsuna a kai."

"To da wane yare kuka yi hira shekara shida?"

"Da hannu, da kwano. In na dafa in miƙa, in ta dafa ta miƙo. Wayarka ta rubuta wannan?"

Ya yi ta juya kuɗin a hannunsa. Na ce, "Kai ma akwai mai jiyo ka ta bango. Ka dai riƙa gaida mutane, ko da ka ne."

Sai ya zura shi cikin zoben makullansa, ya goge ido, wai ƙura ce.

"Shi ke nan, na fasa sakin. Tsohuwa, akwai saura a tukunyar nan?"

"Ji min miji, ko cefane babu!"

Kwano biyu ya tashi da su, ina zaune ina kallonsa.