Wutar Dokta Maitama

"Duk kasuwar Mont-Bouët babu wanda ya san zazzaɓi kamar ni," in ji Maitama. "Turawan Ingila fiba suke ce masa. Daga harshen Rumawan dā suka aro, ma'anarsa zafi, ƙuna, wuta ke nan. Wuta kuwa ruwa ake sheƙa mata, ba a ƙara mata itace."

Kada ka ɗauka likita ne, atamfa yake sayarwa. Zamanin kuɗin fetur ne, kowa na sayen rediyo da firigo na sanyaya ruwa, gogan naka kuwa ya sayo ma'aunin zafin jiki wajen wani matuƙin jirgin ruwa a tashar Owendo, ya naɗa kansa Dokta. Da maƙwabcinsa Bouba ya kwanta zazzaɓi, hana shi nama ya yi har ya rame, wai nama itace ne.

Ran nan aka sa gayyar ɗaukar simintin masallaci da safe, da la'asar kuma a ci ragon sunan ɗan Bouba. Maitama na son rago, ba ya son buhu. Sai ya ƙudundune cikin bargo, ya tsoma ma'aunin a shayi, ya miƙa wa matarsa Iyatu.

"Maigida, ai ya ƙure malejin," in ji ta. Ta ruga ta kira Bouba.

Bouba ya dubi ma'aunin, ya dubi kofin shayi, ya ce, "Gobara ce. Iyatu, kawo ruwan firigo."

Aka kwara masa bokiti. Sarkin ilmi ya zabura, haƙora na kaɗawa.

"Na ji sauƙi, wallahi na ji sauƙi."

"Sambatu ne, Dokta. Iyatu, ƙaro wani bokitin."

Da la'asar Bouba ya shigo da tire na soyayyen rago, ya zauna daidai kan maras lafiya don ɗebe masa kewa. Ƙanshi ya cika ɗaki, hankalin Maitama ya tashi, har ƙwalla. Ya miƙa hannu.

"Ɗan yanki ɗaya, maƙwabci."

"Haba Dokta, in ƙara wa wuta itace?"

Haka ya zuba ido har tire ya koma ƙasusuwa. Takaici ya ishe shi, ya yi wurgi da jiƙaƙƙen bargo, ya ce lafiyarsa ƙalau, shayi ya auna.

Bouba ya suɗe yatsu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Naman dai ya ƙare, amma simintinka yana nan, babu wanda ya taɓa maka."