Sakataren da Ya Ji Hausa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ofishinmu na Gyadi-Gyadi ba, ranar da Hausa ta ci amanata.

Shekaru na yi ina fatauci tsakanin Jidda, Dubai da ƙasar Sin, kuma ko'ina da Hausa nake kulle sirrina. Balarabe na gabana zan ce wa abokin tafiya, “Wannan macuci ne, mu yi gaba,” ina yi masa murmushi yana mayar mini. Na iya Larabci da Faransanci, ina tsintar Sinanci, amma ban taɓa gamuwa da wanda ya tsinci nawa harshen ba.

Da na tsufa, Hajiya Bilki, 'yar aminina, ta ɗauke ni mai ba da shawara a kamfaninta na kayan sola. Ta kafa doka: kada kowa ya sa wata manhaja a kwamfutar ofis sai da izini, wai ta nan sirrin kamfani ke zurarewa. Na mara mata baya, har na yi wa ma'aikata lacca kan yadda mutanen Japan ke kame baki (filin jirginsu kaɗai na sani). A ɓoye kuwa na sa wani sakatare na ƙirƙirarriyar basira, mai sauraron taro ya rubuta abin da aka ce. Kunnena ne ya fara nauyi, kuma ba na so a gane.

Ranar muna taron bidiyo da Mista Lin, mai kawo mana batura. Mun riga mun yanke shawarar barinsa, amma sai kwantenarmu ta ƙarshe ta baro hannunsa. Yana cikin zuba alkawura da Turanci na karkata wajen Hajiya, na ce, “Bar shi ya yi ta zuba. Kaya na hawa ruwa mu yi masa saki uku. Dubi sanƙonsa, kamar ƙwaryar fura.” Har sunan sabon kamfanin da za mu koma na ambata.

Ta ce, “Baba, ana jin ka fa.”

Na ce, “Yo wa ya iya Hausa a can?”

Na je na yi azahar na dawo. Hajiya ta juyo mini da kwamfuta. Ashe sakatarena ya rubuta komai, ya fassara zuwa Turanci, ya aika wa duk wanda ya halarci taron. Cikin jerin abubuwan da aka yanke ya sa: za a yi wa Mista Lin saki uku. Ƙwaryar ma bai bari ba, har da bayanin yadda ake dama fura.

“Baba, wa ya shigo mana da wannan?”

Na gyara hula. “Ai kin san yaran zamani…”

“Da sunanka ya aika.”

Kafin la'asar Mista Lin ya amsa cikin ladabi: ya ji daɗin sanin al'adunmu, batura kuma suna nan a rumbunsa har a sake zama. Sai da Hajiya ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙarin shekara guda da shi kafin kwantenar ta motsa. Ni da na yanke saki uku, ni aka sa na rubuta takardar biko.

Iyayenmu sun ce bango yana da kunne. Su dai sun ji daɗi, nasu bangon bai iya fassara ba.