Yadda 'Yar Wayata Mai Marfi Ta Ɗora Ni a Allon Talla

Yau da safe na fito na yi wa maƙwabcina Tela sallama kamar kullum, mutumin nan ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa kamar da bango nake magana. Da na maimaita, sai ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "A'a, manyan gari! Ashe har yanzu kuna gaida talakawa?" Ya nuna mini bakin titi da haɓa.

Na waiwaya. Jama'a, ni ne. Ni ɗin nan da kuke karantawa, a kan allon talla mai tsayin bene, na rungumi jarka, baki har kunne, haƙorana duk a waje, ban ma taɓa sanin sun yi wannan launin ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: RUWA YA WADATA, MUN GODE.

To, ni dai ban gode wa kowa ba. Bari ku ji yadda aka yi.

Kwanakin baya na kashe babbar wayata na jefa ta a durowa. Ta ishe ni. Kafin in wanke fuska da safe na riga na ga ayarin motocin manya, na ga wani kwamiti da aka kafa don ya binciki dalilin da wani kwamitin bai zauna ba, na saurari saƙon murya daga guruf ɗin unguwa wanda ya fi wa'azi tsawo. Ranar da na farka daga wannan mayen, ranar ce na tsinci kaina ina musu da wani da ban taɓa gani ba a kan titin da ni da shi muka san ba za a zuba wa kwalta ba, abincina ya huce a gabana. Washegari na sayo 'yar ƙarama mai marfi. Tana kira, tana amsawa, tana da tocila. Kyamara kuwa ko ta rantsuwa babu.

Wallahi na ji daɗi. Barci ya dawo. Har na lura akwai bishiya a ƙofar gidana.

Sai dai Maman yara ba ta taya ni murna ba. A unguwarmu labarin ruwa ta guruf yake zuwa. Da famfon wani layi ya fara ɗiga, sai a sanar, kowa ya ruga. Ni kuwa yanzu sai labari ya tako da ƙafa ya same ni, kafin nan an kwashe har laka.

"Malam," in ji ta wata safiya, ta kifa mini bokiti a gabana don in ga babu komai a ciki, "kai ka samu natsuwa, mu mun samu ƙishirwa. Ko ka shigo gidan nan da ruwa yau, ko waccan ta durowa ta koma aljihunka. Zaɓi ɗaya."

Wannan barazana ba wasa ba ce. Na san halina. In na sake riƙe waccan wayar, zan ce don ruwa kawai, amma kafin la'asar na koma faɗa da baƙi a kan kwalta. Na ɗauki jarkoki biyu na fita ina addu'a.

Na zaga layi-layi, kowane famfo a bushe. Ina cikin haka na ji lasifika daga mararraba. Na isa na tarar da rumfuna da kujeru, ga tsohon famfon nan da rabonsa da ruwa tun babban ɗana na rarrafe, an shafe shi da sabon fenti, an ɗaura masa kyalle. Duk unguwa na wurin, har da Tela da sabuwar hula. Ashe an sanar a guruf cewa Mai Girma Sarkin Almakashi, Gwanin Yanka Kyalle, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfi, zai zo buɗe mana sabon famfo, kuma an ce kowa ya zo da wayarsa cike da caji. Bokiti dai ba a ambata ba, don haka babu wanda ya kawo.

Ɗan korensa, wani siriri mai kwat a cikin wannan rana, ya karɓi lasifika. "Kowa ya ɗaga waya sama! Mai Girma ba ya murɗa famfo sai ana ɗauka!"

Kun san tsarin aikin manyanmu. Abin da ba a ɗauka ba, ba a yi shi ba. Abin da aka ɗauka kuwa, an gama shi ke nan har abada. Mai Girma ya yanka kyalle, aka ce rana ta haske masa fuska, aka ƙulla ya sake yankawa. Ya murɗa famfo. Sai ga ruwa, shaaa, fari tas!

Wuri ya kaure da tafi da guɗa, wayoyi duk a sama, kowa ya riƙe tasa da hannu biyu kada hoto ya girgiza. Ni ma don kada a ce ba ni da kishin ƙasa na zaro tawa na buɗe. Ta nuna mini lokaci. Na rufe na mayar aljihu. Na duba na ga hannuwana biyu ba su da aikin yi, ga ruwa na kwarara a ƙasa yana bin kwata, abin har cikin raina nake jin zafinsa. Sai na sunkuya na tura jarka.

Murmushin nan da kuke gani a allo, na rantse ba na Mai Girma ba ne. Durowa na tuna: ga ruwa ya samu, waccan wayar ba za ta fito ba.

Sai na ji hannu mai laushi a kafaɗata. "Ga talaka ya amfana!" in ji Mai Girma, yana kallon wayoyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan matsa kaɗan, ka taka mini jarka ta biyu."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don bai ji ba. Ta biyun na cika, jama'a suka farga, aka sauke wayoyi aka ruga gida ɗauko bokitai. Kafin su dawo ayari ya tashi. Daga bayan katanga wata tankar ruwa ta naɗe tiyonta ta bi sahu. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru, har yau bai sake magana ba.

A yaba inda ya dace: wannan tattali ne. Tanka ɗaya tak, amma an ce ta buɗe famfo a unguwanni da dama. A wata ƙasar da sai an yi ta ɓarnar haƙa da binne bututu.

"Ka san abin da ka ja mana?" in ji Tela ɗazu, bayan na gama kallon haƙorana. "Jiya dattawa suka je koke ofishin masu ruwa. Aka juyo musu waya aka ce, wannan ba ɗan unguwarku ba ne? Ga shi da jarka cike, yana dariya. Haka suka juyo gida, koke ya mutu."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Tela, ruwa fa kawai na ɗiba."

"Mu da muka ɗauki hoto ba mu sha ba, kai da ka sha ka shanye na kowa. Bidiyonka ya zaga duniya. Zagin da ake maka a ƙasansa, ko ɓarawon akuya albarka."

"Ban gani ba."

"Ai shi ne abin haushin!"

Na koma gida a sanyaye. Maman yara mace ce mai cika alkawari: na kawo ruwa, don haka 'yar mai marfi tana aljihuna, babu mai raba mu. Amma na tarar da durowa a buɗe, ita kuma ta miƙe ƙafa a tabarma da babbar wayar a hannunta.

"Cewa na yi ba za ta koma aljihunka ba," in ji ta. "Ban ce ni ba zan duba ba. Zauna ka ji. Wani ya ce an saye ka da jarka biyu. Wata ta ce a taimaka a haɗa maka buroshi."

Tun ɗazu take karanto mini su ɗaya bayan ɗaya, da murya mai daɗi, ba ta tsallake ko guda. Zagin ba ya damuna sosai, na saba. Abin da ke ci mini rai shi ne, in ta zo kan mai zafin gaske, sai ta ɗan dakata, ta dube ni, ta ce, "Wannan kam bai yi ƙarya ba."